Na gaji da saita gargaɗi da hannu a na'urorin ajiyar data, ya zan yi?

Tambaya: Salam malam. Ina kula da na'urorin ajiyar data guda 14 a wajen aikinmu, duk wadda aka kawo sabuwa sai na shiga shafinta na saita saƙon gargaɗi da hannu. Kwanaki wata ta cika maƙil ba wanda ya sani, ashe na manta ban saka mata imel ba. Akwai yadda abin zai riƙa saita kansa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Akwai mana, kuma mantuwar nan ba laifinka ba ne, duk wanda zai danna abu ɗaya sau 14 wata rana sai ya tsallake ɗaya.

Abin da za ka yi shi ne ka kwaso dokokin gargaɗin nan daga cikin na'urorin ka tara su a fayil guda, ka ajiye a Git, wato manhajar da ke riƙe tarihin canje-canjen fayil, duk canjin da aka yi a san wa ya yi kuma yaushe. In kana amfani da Prometheus, manhajar da ke sa ido kan na'urori, an gama, dama shi a fayil ɗin rubutu mai tsarin da ake kira YAML yake karanta dokokinsa, ka rubuta sau ɗaya ya hau kan kowace na'ura da ke cikin jerin da ka ba shi. Sabuwa in ta zo suna kawai za ka ƙara mata. Sai Ansible, kayan aikin da ke tura saiti zuwa na'urori da kansa, ya riƙa tura fayil ɗin, daɗinsa ko sau goma ka kunna shi ba zai taɓa abin da yake daidai ba. Kafin a tura a bi ta promtool, kayan aikin Prometheus na gano kuskure, ya duba, don YAML sarari ɗaya in ya goce shi ke nan fayil ya ƙi karantuwa. Na'urorin kamfani da ba a iya saka musu komai a ciki kuwa, ta API ɗinsu ake bi, wato ƙofar da manhajoji ke magana da su, ko SNMP, tsarin da na'urori ke ba da rahoton halinsu ta netwok.

Toh amma fa ga inda mutane suke faɗuwa. Sai mutum ya rubuta doka ɗaya wai in ta kai kashi 90 a turo saƙo, ya watsa wa kowa. Lissafa ka gani, na'ura mai 1 TB a kashi 90 saura 100 GB, kwana ɗaya za a iya cinye shi, mai 200 TB kuwa saura 20 TB, ƙila ta yi watanni ba ta cika ba amma kullum tana damunka da saƙo har ka daina buɗewa. Ni gaskiya na fi son dokar da ke tambayar yaushe za ta cika, Prometheus yana da predict_linear, yana duba yadda wuri ya riƙa raguwa a 'yan awannin baya ya yi hasashe, sai ka ce in za ta cika cikin kwana 4 a faɗa min. In tsarin ajiyar fayil na ZFS kake amfani da shi ka bar gargaɗin kashi 80 ɗin ma, don daga wajajen nan aka saba ganin ta fara nauyi. Kuma kar ka manta da inode, wato gurbin da ke riƙe bayanan kowane fayil, yakan ƙare alhali wuri na nan jingim.

Sannan ka raba saƙonnin gida biyu. Diski ɗaya ya mutu a RAID 5, tsarin haɗa diski da ke jure mutuwar ɗaya kawai, wannan a buga waya ko ƙarfe 3 na dare ne, don na biyu in ya bi shi data ta tafi. SMART, wato tsarin da diski ke duba lafiyar kansa, ya fara ƙorafi kaɗan kuwa imel ya isa, a gani da safe. Alertmanager, abokin aikin Prometheus mai tura saƙonni, shi ke wannan rabon, yana kuma haɗa saƙonni masu kama da juna su zo a dunƙule. Ka sa wa kowace doka jira kamar minti 10 kafin ta yi ihu.

Saura matsalarka ta asali, wato shiru. Shiru ba ya nufin lafiya, saƙon gargaɗin SNMP da ake kira trap ta UDP yake zuwa, hanyar da ba ta tabbatar da isar saƙo, in ya ɓace a hanya ba mai sake turo shi. Ka ƙirƙiri gargaɗi ɗaya wanda kullum a kunne yake yana zuwa wa wata kwamfutar saba (server) ta daban, ranar da ya daina zuwa ita ta neme ka. Sai kuma wata dokar da za ta yi ƙara in na'ura tana cikin jerin amma ba ta turo komai ba, da kana da ita da waccan ba ta cika a ɓoye ba.