Hukuncin ƙona tsofaffin takardu masu ayoyi da fitar da kayan da suka cushe gida

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Sitonmu ya cika maƙil: yagaggun Alƙur'anai, littattafan Islamiyyar yara, tufafin da aka daina sawa, da akwatunan mahaifiyarmu da ta rasu. Ya halatta in ƙona wasu, in kyautar da wasu?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kayan nan ba hukuncinsu ɗaya ba, 'yar'uwa, sai ki fara ware su.

Mus'hafin da ake iya karatu da shi, a gyara bangonsa a kai masallaci ko makaranta. Wanda ya ruguje, Malikiyya da Shafi'iyya sun halatta ƙona shi don kare alfarmarsa, hujjarsu aikin Sayyidina Usman, Allah ya ƙara masa yarda, da ya sa aka ƙona sauran rubuce-rubucen Alƙur'ani bayan an haɗa Mus'hafi, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Hanafiyya da Hanabila sun zaɓi binnewa. Duk wanda kika ɗauka ya yi.

In ƙonawa ce, ki cire bangon roba, ki sa takardun kaɗan-kaɗan a tukunyar ƙasa mai tsabta, ba a kan bola ba, ba kuma ranar iska ba. Damin takarda bakinsa kawai yake ci, cikinsa ya rage da rubutu. Ko bayan wuta ta mutu haruffa sukan fito a jikin toka, don haka a marmashe ta, a yayyafa ruwa, a binne. In binnewa ce, a naɗe da ƙyalle mai tsarki, a haƙa rami kamar kamu biyu, nesa da masai da kwata da hanyar ƙafa. Abin da nake ja miki kunne a kai shi ne sayar wa 'yan gwangwan littattafan yara a kilo. Gobe sai ki ga Bisimilla an ƙunshe ƙosai da ita, an yar a lambatu.

Tufafi masu amfani a wanke, a ɗinke, a bayar. Aya ta 267 a Suratul Baƙara ta hana nufar mummuna wajen ciyarwa, saboda haka tsumma ba sadaka ba ce, a mai da shi abin goge-goge. Zubar da mai kyau kuwa tozarta dukiya ne, wanda hadisi ya hana.

Akwatunan mahaifiyarku ba naki ba ne ke kaɗai. Tun ranar da ta cika suka shiga gado, ko da kwano ɗaya ne. A biya bashinta, a zartar da wasiyyarta cikin sulusi, sannan a raba. Ba za a yi sadaka da su ba sai duk magada baligai sun yarda, kuma rabon ƙaramin yaro ba mai kyautar da shi, ko waliyyinsa. Haka kayan maigida ko na abokiyar zama, ko ajiyar maƙwabta: a nemi izinin mai su kafin su fita daga gidan.

Wallahu a'alam.