Me ya sa fenti ke kutsawa ƙarƙashin sitensil?

Tambaya: Na samo sitensil, wato robar nan da aka yanke zanen furanni a jikinta, don in ƙawata bangon falona. Da na ɗaga ta sai na tarar fenti ya bi ta ƙarƙashi, gefunan furannin duk sun caɓe. Laifin fentin ne ko na bangon? Sai na sake fente bangon gaba ɗaya ke nan?

Amsa: Malama, kada ki yi gaggawar sake fente bangon. Galibi abin da ke jawo haka shi ne yawan fenti a jikin burushi ko rola. Duk yadda aka danne robar nan, akwai 'yar kafa tsakaninta da bango, kuma fentin da ya yi yawa can zai nufa.

Shi ya sa masu wannan aiki ke yin sa da burushin da ya kusa bushewa. Ki tsoma bakinsa kaɗan, ki goge a tsumma har ki ga kamar ba abin da ya saura. Ki dangwala a takarda ki duba: in ya bar jiƙaƙƙen tabo mai ƙyalli, ki ƙara gogewa. Sannan ki riƙe burushin a tsaye, ki riƙa dangwalawa daga bakin zanen zuwa tsakiyarsa. Jan burushi hagu da dama, irin yadda ake fentin bango, shi ne ke cusa fenti ƙarƙashin roba. Karon farko furen zai fito dishi-dishi, kuma a nan ne mutane da yawa ke rasa haƙuri su ƙara lafta fenti. Ki bar shi ya sha iska na 'yan mintuna, ki sake bi. Shafi 2 ko 3 marasa kauri sun fi guda ɗaya mai kauri fitar da gefe tsaf. In rolar soso kike amfani da ita, ki mirgina ta a kan takarda tukuna, kuma kada ki danna ta da ƙarfi.

Akwai wata dabara da nake matuƙar so. Kafin ki sa kalar furen, ki fara bin zanen da ragowar fentin bangon kansa. Duk abin da zai kutsa, wannan ne zai kutsa ya toshe kafar, kuma ba zai nuna ba tunda kalarsu ɗaya da bangon. Bayan ya bushe sai ki ɗora kalar da kike so.

Bangon ma yana da nasa rabon. In filastarsa tana da gargada, ki bi wurin da samfefa mai laushi ki share ƙurar. Fentin ruwa marar sheƙi ya fi karɓar zane. Mai sheƙi santsi gare shi, kalar sai ta riƙa zamewa. Sabon fenti kuwa a ba shi aƙalla awa 24, in da hali kwanaki, kafin a manna masa komai. Ki kafe robar da salatif na takarda wanda ba ya ɓare fenti, wurin da kike aiki kuma ki danne shi da yatsun ɗaya hannun.

Kada ki manta da bayan robar. Fenti na taruwa a can, ki ɗora ta a sabon wuri ta bar miki tabo. Ki riƙa goge bayanta, bayan 'yan furanni kuma ki wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu, ta bushe sarai kafin ki ci gaba.

Waɗanda suka riga suka caɓe, ki bari su bushe. Ki ɗauki siririn burushi irin na masu zane, ki bi gefensu da fentin bangon a hankali. Wanda ya ɓaci sosai ki shafe shi da shafi 2 na kalar bangon, washegari ki mayar da robar daidai wurin ki sake shi.