Tambayoyin Masu Karatu: Murya Mai Daɗi Ta Isa Aikin Rediyo?

TAMBAYA: Salam Anti, ni ɗaliba ce bana na gama sakandare, kowa sai ya ce muryata tana da daɗi in nemi aikin rediyo ko talabijin, ni kuma wallahi tun ina ƙarama nake sha'awar masu karanta labarai. Dan Allah me zan karanta, kuma ta ina ake farawa?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, naji daɗin tambayar nan sosai. Murya baiwa ce ki gode wa Allah, amma gaskiya ita kaɗai ba zata riƙe ki a sutudiyo ba. Yawanci aikin jarida ake karantawa a jami'a ko kwaleji, wasu kuma ta fannin harsuna suke shigowa, daga nan mutum ya nemi ƙaramar tasha ya fara da koyon aiki.

Abinda mai sauraro baya gani shine shirin da ake yi kafin jar fitilar nan ta sutudiyo mai nuna an fara watsa shiri ta kunnu. Mai gabatarwa yana zuwa da wuri ya karanta takardarsa a bayyane, ya ja layi inda zai yi numfashi, ya tambayi yadda ake furta duk wani baƙon suna. Mu masu Hausa ma namu ya fi, tunda rubutun boko baya nuna karin sauti ko tsawon wasali, gari na mutane da garin tuwo rubutunsu ɗaya, haka kuka na hawaye da kukar miya, in baki duba jimlar tun farko ba sai kinyi tuntuɓe kowa yana ji. Sai kuma agogo, furodusa, wato mai tsara shirin, na miki magana a kunne saura daƙiƙa 20 ke kuma kina tsakiyar labari, dole ki rufe shi tsaf ba tare da muryarki ta nuna ruɗewa ba. A talabijin ga kyamara ga rubutu yana tafiya a gabanta. Akwai aikin asuba da na dare, ranar hutu ma ana aiki.

Tun yau ki fara, ki ɗauki wayarki kiyi rikodin kina karanta labari na minti 2 kullum, ki saurara ki gyara. Ki dinga jin ƙwararru irin na BBC Hausa da ta fara tun 1957, ki lura da inda suke tsayawa, amma dan Allah kar ki ari muryar kowa. Rikodin ɗin da ya fi kyau ki adana shi, shi za su fara nema in kinje gwaji.