Filin Tambaya da Amsa: Ina Salla, Zuciyata Tana Kasuwa

Tambaya: Malam, ina sayar da shinkafa a kasuwar Jega. Da na kabbara salla sai lissafin bashi ya taso mini, har in rasa raka'a nawa na yi. Bayan azumi na ɗaukar wa kaina izu biyar kullum, ban yi mako ba na watsar. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya yaye maka. Izu biyar ɗin nan shi ya kayar da kai, don ka ɗauki kayan da ya fi ƙarfin ɗan kasuwa. A hadisin Nana A'isha da Buhari da Muslim suka ruwaito, aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne. Koma sumuni ɗaya bayan kowace farilla. Izu sittin sumuni 480 ke nan, biyar a rana za ka sauke cikin kwana 96, kuma ba ka rufe rumfa ba. Ranar da ya kuɓuce maka kada ka ninka gobe, ci gaba daga inda ka tsaya. Ramuwa ce ke sa mutane su gaji su daina.

Shi kuwa lissafin bashi, kafin alwala ake maganinsa. Rubuta sunan mai bashin da yawan buhunan a littafi, ka rufe, ka sa waya a aljihu a kashe. Zuciya tana nanata abu ne don tsoron mantuwa, in an rubuta sai ta saki. Ka isa masallaci kafin iƙama ka yi raka'a biyu. Wanda ya taho da gudu daga ciniki ya faɗa sahu, da cinikin zai yi sallar.

In ka yi shakka tsakanin uku da huɗu, ka yi gini a kan uku, ka ƙaro ɗaya, ka yi sujada ba'adi. Amma idan shakkar kullum ce, malaman Malikiyya sun ce ka kau da kai daga gare ta, kada ka ƙaro komai, ka yi ba'adi kawai, don biye wa waswasi ƙara shi yake yi. Bayan sallama ka zauna ka yi tasbihi 33, hamdala 33, kabbara 33, ka cika ɗari da hailala, sannu a hankali, ba ana jan carbi ana amsa gaisuwa ba.

Tambaya: Malam, daga Ƙaura Namoda nake. Tun da aka kai hari ƙauyenmu ba na barci, ko ƙarar babur na ji sai gabana ya faɗi. Raunin imani ne?

Amsa: A'a, 'yar'uwa, firgici ne, kuma kada kowa ya ɗora miki laifi. Ki kwanta da alwala, ki karanta Ayatul Kursiyyu, ki tofa Ƙulhuwallahu, Falaƙi da Nasi a tafin hannu ki shafe jiki sau uku. Ki daina kallon bidiyon hare-hare a waya. Idan rashin barcin ya wuce mako biyu, ki nemi wani ya raka ki asibiti ki faɗa wa likita duk abin da kike ji, ana ba da magani, kuma ki ci gaba da addu'arki tare da shi.