Wane ilimi kamfanin iyali yake buƙata kafin a miƙa ragama?

Tambaya: Mahaifinmu ne ya kafa kamfaninmu, kuma shekaru sun fara ja. Mu biyar ne 'ya'yansa. Biyu muna aiki a kamfanin, sauran ukun kowa yana harkar gabansa. Yana so in je in yi digirin MBA, wato digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, domin in gaje shi a shugabanci. Shin wannan ya wadatar, ko akwai horo na musamman da aka tanada wa irin kasuwancinmu?

Amsa: Digirin zai amfane ka, domin zai koya maka karanta bayanan kuɗi, tsara dabarun kasuwa da tafiyar da ma'aikata. Sai dai a ganina bai wadatar ba, saboda abin da ya fi rusa kamfanonin iyali ba jahilcin lissafi ba ne, rashin daidaito ne tsakanin 'yan'uwa a kan wa ke da iko da me. Wannan kuwa matsala ce da mutum ɗaya ba zai karanto maganinta shi kaɗai ya dawo gida da shi ba.

A shekarar 1978, wani malami na makarantar kasuwanci ta Harvard, Renato Tagiuri, da John Davis, wanda a lokacin ɗalibin digirin digirgir ne a can, suka zana wani tsari mai da'ira uku da suka shiga juna: iyali, mallaka da kuma gudanarwa. Haɗuwar da'irorin tana haifar da matsayi bakwai, kuma kowane mutum yana kallon kamfanin ne daga inda yake tsaye. Kai da ɗan'uwanka da kuke aiki a ciki za ku so a mayar da riba cikin jari, a sayi injina, a gyara albashi. 'Yan'uwanku uku, idan hannun jari ya iso gare su, za su so a raba ribar, kuma ba kwaɗayi ne ya sa su ba, matsayinsu ne ya ba su wannan haƙƙin. Idan ba a koya wa kowa bambancin haƙƙin mai mallaka da na mai gudanarwa ba, tattaunawar da ya kamata ta ƙare a teburin taro sai ta rikiɗe ta zama gaba.

Akwai wani bincike da John Ward ya wallafa a 1987, inda ya bi tarihin kamfanonin ƙere-ƙere 200 a jihar Ilinoi ta Amurka daga 1924 zuwa 1984, ya tarar kusan kashi 13 cikin 100 ne kawai suka dawwama a hannun iyali har zuwa jikoki. Ana yawan ambaton wannan adadi don tsoratarwa, amma ya kamata a lura cewa kamfanin da iyali suka sayar da shi yana kan ganiyarsa ba faɗuwa ya yi ba. Darasin da ke ciki shi ne, miƙa ragama aiki ne da ake shiryawa shekaru kafin lokacinsa.

Game da inda za ku nemi horo, fannin ya daɗe da tsayawa da ƙafafunsa. Makarantar IMD da ke Lozan a ƙasar Suwizalan tana cikin waɗanda suka fara shirya kwasa-kwasai domin iyalai masu kamfani tun ƙarshen shekarun 1980, kuma a birnin ne aka kafa ƙungiyar Family Business Network a 1989, inda iyalai daga ƙasashe da dama suke koyo daga juna. Cibiyar Family Firm Institute, wadda aka kafa a Amurka a 1986, ta fi mayar da hankali ga horar da masu ba da shawara, wato lauyoyi, akantoci da makamantansu, don haka tana da amfani idan kuna neman wanda zai shiga tsakaninku. Waɗannan shirye-shirye suna da tsada. Idan ƙarfinku bai kai ba, hukumar IFC, reshen Bankin Duniya mai hulɗa da kamfanoni masu zaman kansu, ta wallafa jagora kan shugabancin kamfanin iyali wanda ake samu kyauta a intanet, kuma Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tana da shirin SIYB na koyar da ƙananan 'yan kasuwa adana bayanai, ƙididdige farashi da sarrafa kaya.

Duk wanda kuka zaɓa, ku duba ko yana karɓar iyali a ƙungiyance, kuma ku je akalla ku uku: kai, ɗaya daga cikin waɗanda ba sa aiki a kamfanin, da mahaifinku idan zai yarda. Na sa mahaifinku a ciki da gangan, domin sakin abin da mutum ya gina da guminsa yana da wuya ƙwarai, kuma ya fi saurin karɓar maganar daga takwarorinsa da suka riga suka yi hakan fiye da daga bakin ɗansa. Ku kuma tabbata kun fito da abin hannu: rubutacciyar yarjejeniya da ta fayyace sharuɗɗan ɗaukar ɗan gida aiki, yadda ake raba riba, yadda mai son fita zai sayar da kasonsa, da ko za a sa mutanen waje a majalisar daraktoci. Lauya masanin dokokin gado da na haraji na ƙasarku ya duba ta kafin a sa hannu.

Amma kai kanka, idan ka gama digirin, ka roƙi mahaifinka ya ba ka dama ka yi aiki na 'yan shekaru a wani kamfani da sunan gidanku ba shi da tasiri a cikinsa. A can ne za a yi maka gyara ba tare da nauyin ido ba, kuma ƙarin girman da ka samu a waje shi ne hujjar da tsofaffin ma'aikatan mahaifinka da 'yan'uwanka za su fi gamsuwa da ita ranar da aka ba ka kujerar.