Karyata da namijin da aka ba ni ubansu ɗaya: in haɗa su ko in fasa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Ina da karya nau'in koli mai dogon gashi, shekararta biyu da rabi, na sayo ta daga waje da takardunta. Wani mai kiwon karnuka ya yarda ya ba ni namijinsa a yi barbara. Da muka shimfiɗa takardun biyu sai na ga ashe ubansu ɗaya, wani zakaran gasa. Mai namijin murna ma ya yi, ya ce ai jinin zakara ne zai ninku. Abin da ya hana ni sukuni shi ne na ji cewa cikin 'ya'yan da namijin nan ya haifa bara, ɗaya ya mutu kwana biyu bayan an yi masa allurar ƙazuwa. Da na tambaya, sai ya ce zafin ƙasarmu ne. In ci gaba ko in fasa?

Mai karatu daga Jos

AMSA

Wa alaikumus salam. Malam, ka fasa. Kuma tun kafin mu shiga zancen barbara, kada ka bar kowa ya soka wa karyarka aibamektin, wato allurar ƙazuwa da kaska irin su Ivomec da danginta, sai an yi mata gwajin ƙwayoyin gado. Zafin ƙasa ba ya jiran ranar allura kafin ya kashe kwikwiyo, balle a Jos.

Duk wani koli na gasa da ke duniya yau, in ka bi salsalarsa ta wajen uba, za ka tuƙe ne a kan kare ɗaya, Trefoil, wanda aka haifa a 1873 a hannun Sewallis Shirley, mutumin da ya jagoranci kafa ƙungiyar rajistar karnuka ta Birtaniya a wannan shekarar. Ɗan'uwan koli mai kiwon tumaki, nau'in boda koli, shi ma haka labarinsa yake. Old Hemp, wanda Adam Telfer ya samar a Northumberland a 1893, bai cika haushi ba, ido kawai yake kafa wa tumaki su bi. Makiyaya suka yi ta kawo masa karyoyinsu har ya haifi 'ya'ya sama da 200. Sai Wiston Cap, haihuwar 1963, wanda ya lashe babbar gasar karnukan kiwo a 1965, har ƙungiyarsu ta sa siffarsa a tambarinta. Da wuya ka buɗe takardar boda koli na aiki a yau ba ka ci karo da zuriyarsa ba.

Ba na raina karnukan nan, su ne suka mayar da koli abin da yake. Amma ka lura da abin da hakan ke nufi gare ka: karyarka da wancan namijin dama can 'yan'uwa ne ta hanyoyi da yawa da takarda ba ta nunawa, don takarda kakanni huɗu ko biyar kawai take kawowa. Yanzu kuma za ka ɗora 'yan uba a kai.

Wannan magana ta "jinin zakara zai ninku" kusan kullum sai na ji ta, kuma ta ishe ni. Mai sayar da kwiyakwiyai zai ɗora hoton kofi a Instagram, ya ja layi da jar biro a ƙarƙashin sunan da ya fito sau uku a takarda, ya ƙara kuɗi, ya ce maka barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. To, in barewar tana ɗauke da wata cuta a ɓoye fa? Namiji ba ya zama ya tsince gadon da zai ba ɗansa. Rabin abin da ke jikinsa yake miƙawa, mai kyau da marar kyau a haɗe. Alƙalin gasa kuwa gashi yake dubawa, da kunne, da tsayuwa, da tafiya. Bai taɓa leƙa ƙwayoyin gado ba. Kofi shaida ce cewa karen ya burge wani mutum a wata rana, shi ke nan.

Ka san zancen sikila, yadda AS ke yawo da ƙoshin lafiya har sai ya auri AS. Haka ciwon idon koli da ake kira CEA yake tafiya. In zakaran nan yana ɗauke da shi a ɓoye, rabin 'ya'yansa sun gada. Da karya biyu kawai ya yi wa barbara, da abin bai je ko'ina ba. Amma zakara ba ya hutawa, kowa shi yake so, a shekara biyar ya cika gari da 'ya'ya, a shekara goma jikokinsa na barbarar juna. Sai a lokacin makafi za su fara fitowa, shi kuwa ya daɗe da mutuwa, sunansa na nan a takarda ana alfahari da shi. A lissafi, haɗa 'yan uba na ba da kusanci kashi 12.5 cikin ɗari, wato a kowane gurbi na gado akwai yiwuwar ɗaya cikin takwas kwikwiyo ya karɓi abu guda daga kakan nan ta ɓangaren uwa da ta ɓangaren uba. Uba da 'yarsa kashi 25 ne. Na ga wanda ya yi hakan ma, yana kiransa "gyaran layi".

Kwikwiyon da ya mutu kuwa, ban gan shi ba, amma zargina na kan MDR1. A 2001 masu bincike a Jami'ar Jihar Washington ta Amurka suka gano cewa wata tawaya ce a ƙwayar gadon da ke gina shingen da ke fitar da wasu magunguna daga ƙwaƙwalwa. In shingen ya lalace, maganin ya shiga ya zauna. Kusan bakwai cikin goma na koli irin taka suna ɗauke da ita, a boda koli kuwa ba ta da yawa. Wani binciken na 2004 ya bi sawunta ya nuna cewa daga kare ɗaya ta fito, wanda ya rayu a Birtaniya tun kafin a fara rajistar nau'o'i wajen 1873. Kare ɗaya, wanda ba a ma san sunansa ba, ga shi har yau yana kashe kwiyakwiyai a Filato.

Abin da ke ƙona min rai shi ne a nan wajenmu kowa likita ne. Aibamektin ta shanu tana nan a kowane shagon maganin dabbobi, miligiram 10 a kowace sisi ɗaya. Mai allurar unguwa ya zuƙi sisi ɗaya ya danna wa koli mai kilo 25, ya ba shi maikirogiram 400 a kowane kilo ke nan. Ƙwayar rigakafin tsutsar zuciya ta wata-wata, wadda ko koli mai tawayar yake jurewa, maikirogiram 6 ce a kowane kilo. Karen gida zai sha wannan allura ya tashi ya kakkaɓe jiki, shi ya sa mai allurar zai rantse maka cewa shekara ashirin yana yi bai taɓa kashe kare ba. An taɓa kawo min wata koli a bayan mota, an shimfiɗa mata buhu, miyau ya jiƙe gashin ƙirjinta sharkaf, baƙin idonta ya buɗe wangale ko fitila na haska ba ya motsi, jikinta na karkarwa. Mai ita yana ta ce min maciji ne. Sai da yaronsa ya ce "ai shekaranjiya an yi mata allurar kaska". Ba ta da makari, sai ƙarin ruwa da juya ta da ciyar da ita ta bututu. Kwana tara muka yi kafin ta ɗaga kai. Imodium na gudawa ma kada ka ba karyarka.

Takardar salsala ba takardar asibiti ba ce. Ka ce wa mai namijin ya kawo sakamakon gwajin MDR1 da na CEA mai ɗauke da lambar na'urar da ke wuyan karen, ba hoton waya na wani kare ba. In ya ce ai "an duba shi a can", ka tambaye shi wa ya duba, yaushe. Kai ma ka gwada taka. Auduga ce ake gogawa a cikin kumatu a aika ɗakin gwaji a waje, kuɗinsa bai kai na kwikwiyo ɗaya ba, kuma sau ɗaya ake yi a rayuwar kare.

In taka ta fito da tawayar, ba a ce ka jefar da ita daga kiwo ba. Da za a cire duk masu ɗauke da ita, koli kaɗan ne zai rage, kuma an sake tsuke ƙofar da dama ƙarama ce. Namiji mai tsabtar gwaji za ka nema mata, wanda ba su haɗa uba ko kaka ba, ko da bai taɓa taka filin gasa ba. In an haihu, a kai kwiyakwiyan wajen likitan ido tsakanin mako shida zuwa takwas, don bayan nan launi yana rufe tabon a cikin ido, mai ciwon ya zama kamar lafiyayye. Duk wanda ya sayi ɗaya kuma, ka rubuta masa a katin rigakafi da manyan baƙaƙe cewa kada a yi masa aibamektin.