Tambayarku, Amsarmu: Ta Ina Zan Fara Lambu a Gida?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Mun tare a gida mai ɗan fili a baya, bai wuce faɗin ɗaki ɗaya ba. Ina so in shuka kayan lambu da ganyayen ƙamshi da furanni, amma ko albasa ban taɓa shukawa ba. Har na sayo iri kala-kala na ajiye. Ta ina zan fara?
Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Irin nan da kika sayo, bar shi tukuna a wuri busasshe marar zafi. Aikinki na farko shi ne kallon rana. Ki ware yini guda ki riƙa leƙa filin, da safe, da tsakar rana, da yamma, ki ga inda haske ke daɗewa da inda inuwar katanga ke rufewa. Tumatir da barkono da kokwamba, duk abin da ake shukawa don 'ya'yansa, yana son rana ta sa'a 6 zuwa 8. Masu ganye irin su latas da na'ana'a suna haƙuri da sa'a 3 zuwa 4. Na fi jaddada wannan a kan komai, domin taki ana ƙarawa, ruwa ana gyarawa, amma tumatirin da aka dasa a inuwa tsawo kawai zai yi, siriri, ba 'ya'yan kirki.

Sai ƙasa. Ki jiƙa kaɗan ki dunƙula a hannu. In ta daskare tana maƙalewa, laka ce, tana riƙe ruwa fiye da kima. In ta wargaje nan take, yashi ya yi yawa. Maganin duka biyun ɗaya ne: ruɓaɓɓen taki, wanda ya yi baƙi ya daina wari. Ɗanyen kashin kaji kuwa ƙone saiwa yake yi, kada ki kusantar da shi.

A wannan karon na farko, ki tsaya a kan abu huɗu ko biyar. Da ni ce, tumatir gindi biyu, latas, daddoya, na'ana'a da furen marigol zan ɗauka. Na'ana'a ki ba ta tukunyarta ita kaɗai, don saiwarta yaɗuwa take yi ta ƙarƙashin ƙasa har ta mamaye maƙwabtanta. Daddoya ki riƙa tsinke kanta, haka take yin rassa ta cika. Marigol kuma ba ado kaɗai ba ne, yana jawo ƙudan zuma, wanda za ki buƙata ranar da kika ƙara kokwamba ko kabewa, don shi ke kai garin fure daga wannan fure zuwa wancan har su yi 'ya'ya.

In a bokiti ko buhu za ki shuka, ki huda gindinsa, kuma na tumatir ya kai zurfin santimita 30 aƙalla. Kada ki binne iri da nisa, ninki biyu na kaurinsa ya isa. Idan suka tsiro a cunkushe, ki daure ki rage su. Na san da ciwo a cire shuka mai rai, amma in kika bar su duka, babu wanda zai girma.

Abin da ya fi kashe shukar sabon shiga shi ne yawan ban ruwa, saboda ɗoki. Saiwa ma tana buƙatar iska, kuma in ta daɗe cikin caɓi ruɓewa take yi, ganye ya koma rawaya, mai lambu kuma ya zaci ƙishi ne ya ƙara zuba ruwa. Ki tsoma yatsa a ƙasa zuwa gaɓa ta biyu. In da laima, bari sai gobe. In ta bushe, ki ba da ruwa sosai da sassafe, a gindin shukar ba a kan ganye ba.

Ki riƙa ɗaga ganye kina duba bayansa, can ƙananan ƙwarin da ke tsotsar shuka suke taruwa. In kin gan su da wuri, ruwa da ɗan sabulu marar ƙarfi ya ishe su, ki fesa da yamma bayan rana ta yi sanyi.